Jingina a Gusau: Waɗanne basussuka dokar 2017 ta shafa, waɗanne ta bari a waje?

A unguwar Sabon Gari da ke Gusau, kamar sauran kasuwannin Zamfara, bashin da ke juya harkokin yau da kullum ba kasafai yake bi ta ƙofar banki ba. Dillalin hatsi kan ba manomin Bungudu kuɗin taki da damina, a kan zai biya da buhuna idan kaka ta yi. Mai shagon babura kan miƙa wa matashi Keke Napep ya riƙa kawo balas duk mako, takardun kuma suna hannun mai shago har ranar da aka gama biya. Mace kan kai sarƙar zinarenta wurin wanda ta yarda da shi ta karɓo kuɗin asibiti. Wani ma wayar da ke hannunsa bashi ce, irin wadda ke kulle kanta da zarar ranar biya ta wuce.

Kowanne daga cikin waɗannan yana da sunansa a kasuwa: wannan ba-da-kaka ne, wancan haya ce, wancan jingina, wancan kuma ciniki ne na biya sannu a hankali. Sai dai tun ranar 30 ga Mayun 2017, lokacin da Farfesa Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa hannu a kan dokar jinginar da kadarori masu motsi, da yawa daga cikinsu sun zama abu ɗaya a idon dokar tarayya. Kadara mai motsi ita ce duk dukiyar da ba ƙasa ba ce kuma ba gini ba: mota, inji, hatsi, dabba, kayan shago, har da kuɗin da mutum yake bin wani.

Sanin wace mu'amala ce ta shiga ƙarƙashin wannan doka ba aikin lauyoyi kaɗai ba ne. Ranar da mutum biyu suka tashi suna iƙirarin babur ɗaya ko rumbun hatsi ɗaya, amsar wannan tambaya ce ke nuna wanda zai tafi da kaya da wanda zai tafi da takaici.

Dokar ba ta damu da suna ba

Abu na farko da ya kamata a riƙe shi ne, dokar aikin yarjejeniya take dubawa. Duk inda mutum biyu suka yi yarjejeniya cewa wata kadara mai motsi ce za ta tsaya a madadin bashi ko wani alƙawari, har mai bin bashi ya samu haƙƙi a kan ita kadarar, to mu'amalar ta shiga, ko da su da kansu ba su taɓa kiran ta jingina ba.

Wannan tunani daga Amurka ya samo asali. A shekarun 1950 ne masana dokar kasuwanci a can suka gaji da tarin dokoki daban-daban, kowace da irin takardarta da rajistarta, suka haɗe su a babi na 9 na kundin dokokin kasuwancinsu. Kanada da New Zealand sun bi sahu. Ghana ta buɗe tata rajistar a 2010, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da dokokin ciniki ta fitar da samfurin irin wannan doka a 2016. A Najeriya, Babban Banki CBN ne ya fara buɗe Rajistar Jingina ta Ƙasa, wato NCR, a watan Mayun 2016 da taimakon hukumar IFC ta rukunin Bankin Duniya, kafin majalisa ta ba ta gindin zama da dokar 2017.

A koma kan Keke Napep ɗin nan. Mai shago zai ce shi bai ba kowa bashi ba, kekensa ne, haya ya bayar, kuma sunansa ne a takarda. Amma me ya sa ya riƙe takardar? Don ya tabbatar an biya shi kuɗin keken. Dokar ta ambaci irin wannan haƙƙi a fili: haƙƙin da mai sayarwa ya riƙe don kare kuɗin kayansa, da na wanda ya ba da kuɗi aka sayi kayan da su, da na mai ba da hayar da a zahiri hanyar sayarwa ce. Ta ma ba su wata daraja ta musamman, domin idan sun yi rajista yadda ya kamata suna gaban sauran masu bin mutumin bashi a kan wannan kaya, ko da waɗancan sun riga su shiga rajista. Hikimar a bayyane take: ba don kuɗinsu ba, da kayan ba su shigo hannun mutumin ba tun farko.

Haka lamarin yake ga injin niƙa, injin ban ruwa, firiji, na'urar sola da wayar da aka saya bashi, muddin yarjejeniyar ta ba mai sayarwa haƙƙi a kan kayan. Bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, su ma ba su fita ba. Ko an kira cinikin murabaha ko ijara, idan akwai kadara mai motsi da ke tsaye a madadin kuɗin, rajistar guda ce.

Sai dai direban keken ba a bar shi hannu rabbana ba, domin tsohuwar dokar sayen kaya ta hanyar haya ta 1965 tana nan a littafi. A ƙarƙashinta, idan abin hawa ne kuma an riga an biya kashi 3 cikin 5 na kuɗinsa, mai shi ba zai ƙwace shi ya mayar da shi nasa ba sai ya bi ta kotu. Ga kayan da ba abin hawa ba kuwa, dokar ta tsaya ne a kan waɗanda kuɗinsu bai wuce naira 2,000 ba, adadin da a wancan zamani ke sayen kaya na gaske, a yau kuwa ba ya sayen wani abin kirki. Ke nan mai firiji da mai injin niƙa kusan ba su da rabo a cikinta.

Kaya a hannu, ko suna a rajista?

Nan ne dokar ta yi karo da abin da mutanen Zamfara suka tashi da shi.

A fiƙihun Malikiyya, wanda ake karantarwa a zaurukan Gusau da Tsafe tun kafin zuwan banki, jingina ba ta cika sai mai bin bashi ya karɓi kayan a hannunsa, ko an ajiye su wurin wani amintacce da ɓangarorin biyu suka yarda da shi. Aya ta 283 a Suratul Baƙara ta yi maganar jinginar da aka riƙe a hannu, Risalar Ibn Abi Zaid ma a kan haka ta tafi. Idan mai kaya ya rasu ko ya talauce kafin a karɓi kayan, mai jingina ya koma sahun sauran masu bin bashi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: a garin da ba rajista, ganin kaya a hannun wani shi ne sanarwa ga jama'a cewa akwai magana a kansu.

Dokar 2017 ta ɗauki wata hanyar. A wurinta, haƙƙin mai bin bashi yana kammala ne idan an shigar da bayanin bashin a rajistar NCR. Ta yarda mai bin bashi ya riƙe kayan idan yana so, amma ta ce riƙon kaɗai bai kammala haƙƙin ba. Idan kuma masu rajista sun yi yawa a kan kaya ɗaya, wanda ya riga shiga shi ne gaba.

A ɗauki misali. Wani ɗan kasuwa ya tara buhunan waken suya a sito a Gusau. Ya je bankin ƙananan 'yan kasuwa ya karɓi rance, ya sa hannu cewa hatsin da ke siton shi ne jingina, banki ya shigar da maganar a rajista ta intanet, ya bar masa kayansa ya ci gaba da harka. Bayan wata biyu ya matsu, ya je wurin wani Alhaji a kasuwa ya karɓi wani kuɗin, ya miƙa masa makullin siton a gaban shaidu. Alhajin ya yi duk abin da aka koya masa: ga shaidu, ga makulli a aljihu. Amma bisa dokar tarayya, banki na gabansa. Abin da ya fi ɗaure kai ma, ko da Alhajin ne ya fara ba da kuɗi ya karɓi makulli, idan bai yi rajista ba har banki ya zo daga baya ya yi, yana cikin haɗarin a tura shi baya.

Wannan ba ƙaramin sauyi ba ne, kuma babu alamar an yi wa kasuwa bayaninsa da harshen da take ji. Tsarin yana da fa'idarsa ta gaske, domin shi ne ke ba tela damar jinginar da kekensa na ɗinki ya ci gaba da ɗinki da shi, abin da jinginar hannu da hannu ba ta iya yi. Amma a aikace, bankuna da kamfanonin ba da rance ne suka fi amfani da rajistar. Su ke da kwamfuta, da ma'aikata, da lauyoyi. Mai ba da bashi na bakin kasuwa, wanda shi ne ke rufa wa yawancin mutane asiri, bai ma san ana yi ba.

Akwai kuma batun kotu. Zamfara ce jihar da ta fara faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci, inda Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da ita a Gusau a watan Oktoban 1999, kuma rigingimun bashi tsakanin Musulmi da yawa kotunan shari'a ake kai su. Alƙalin da aka kawo wa rigimar siton nan zai tarar da ma'auni biyu a gabansa. Lauyan banki zai ce kundin tsarin mulki ya ɗora dokar tarayya a kan ta jiha idan suka saɓa, kuma harkar banki ta tarayya ce. Lauyan Alhaji zai ce yarjejeniya tsakanin mutum biyu a kasuwa ba harkar banki ba ce. Kowanne yana da abin kamawa. Kafin a gama wannan muhawara kuwa, waken suya ba ya jiran ɗage zama.

A wani wurin dai ma'aunan biyu sun haɗu. Malaman Malikiyya ba su yarda a sharɗanta cewa kayan jingina sun zama na mai bin bashi kai tsaye don kawai lokaci ya wuce ba. Sayarwa ake yi, ya ɗauki haƙƙinsa, ragowar ta koma wa mai kaya. Dokar 2017 ma haka ta tsara: sai an ba wanda ake bi sanarwa, a jira kwana 10 kafin a karɓe kayan, a sayar da su ta hanyar da ta dace da kasuwa, a mayar masa da rarar kuɗi. Mai shagon da ya aika ƙarti suka ɗauke keke da tsakar dare ba tare da sanarwa ba, sannan ya riƙe keken da duk balas ɗin da aka kawo, zai sha wahalar samun mafaka a kowane ɓangare.

Wanda bai ci bashi ba ma abin ya shafe shi

Mai sayen kayan hannu shi ne mutum na uku da aka fi mantawa da shi. A ƙa'ida, haƙƙin mai jingina yana bin kaya ko sun sauya hannu, yana kuma bin kuɗin da aka samu daga sayar da su. An keɓe wanda ya saya a hannun mai sana'ar sayar da irin kayan cikin cinikinsa na yau da kullum: matar da ta auni gero a shagon da aka jinginar da kayansa, babu mai biyo ta gida. Amma wanda ya sayi keke ko babur a hannun ɗan kabu-kabu, saboda ya ga araha, ba ya cikin wannan rangwame. Idan akwai rajista a kan abin hawan, zai iya wayar gari an zo ɗauka.

Maganin wannan yana cikin wayar da ke hannunsa. Rajistar a buɗe take ga mai son bincike bayan biyan ɗan kuɗi, kuma ana iya nema da lambar shaidar mai kaya ko lambar jikin abin hawa. Wanda ya gama biyan bashinsa shi ma yana da haƙƙin neman a goge sunansa, domin rajistar da aka bari a buɗe tana iya toshe masa rance na gaba.

Gona da gida: babbar dukiya, amma tana waje

Dokar ta faɗi ƙarara cewa ba ta shafi ƙirƙira ko miƙa haƙƙi a kan ƙasa ba. A jihar da ke kiran noma abin alfaharinta, wannan jimla ɗaya ta fitar da mafi girman abin da talaka ya mallaka.

Ƙasa tana ƙarƙashin dokar amfani da filaye ta 1978, wadda ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Mai takardar mallaka ta gwamnati da ke son jinginar da gidansa a Sabon Gari sai ya nemi amincewar gwamna, kamar yadda sashe na 22 ya tanada. Mai gonar gado a ƙauyukan Tsafe ko Bungudu kuwa, sashe na 21 ya haɗa shi da amincewar ƙaramar hukuma. Bankuna ba sa wasa da wannan sharaɗi tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 1989 a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, inda aka rushe jinginar gida saboda babu amincewar gwamna, duk da cewa wanda ya ci bashin ne da kansa ya tayar da maganar don ya tsira da gidansa. Daga baya kotuna sun yi ta rage kaifin wannan hukunci, amma darasin ya riga ya zauna a zukatan ma'aikatan banki.

To amma jinginar gona ba ta daina ba don doka ta yi mata wuya. Tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa: mai gona ya karɓi kuɗi, mai kuɗi ya riƙa noma gonar har ranar da aka fanshe ta, ko da shekara nawa za a yi. Masaniyar nan Polly Hill ta yi bayaninta a binciken da ta yi a Batagarawa ta ƙasar Katsina, wanda aka wallafa a 1972. Malamai da yawa na sukar wannan salo, saboda mai ba da rance yana cin amfanin gona a kan bashin da za a mayar masa cif-cif, abin da suke gani riba ce a fakaice. Ga shi kuma babu rajistar da ke ɗauke da ita: ba ta NCR, ba ta ofishin filaye. Shaidarta mai unguwa ne da dattawa. A yankunan da 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyuka, inda shaidu suka rasu ko suka watsu zuwa Gusau da wasu garuruwa, wannan rigima ce da ke kwance tana jiran ranar da za a koma gida.

Akwai ɗan zare mai muhimmanci a nan. Gonar tana waje, amma abin da ta haifar yana ciki. Amfanin gona, iri, taki, dabbobi har da abin da ke cikinsu, duka dokar ta lissafa su a kadarorin da ake iya jinginarwa. Shago a matsayin gini yana waje, amma kuɗin hayar da mai shago ke bin ɗan haya suna ciki. Saboda haka ba-da-kaka na iya faɗawa kowane ɓangare. Idan alƙawari ne kawai cewa za a biya da buhu goma, bashi ne tsura. Idan kuwa aka rubuta cewa amfanin gona kaza shi ne ke tsaye a madadin kuɗin, an shiga ƙarƙashin dokar, kuma dillalin da bai yi rajista ba zai iya tarar da wani kamfanin taki ya riga shi.

Sauran abubuwan da aka bari a waje ba su da sarƙaƙiya sosai. Jiragen ruwa da na sama suna da rajistarsu. Tsaya wa mutum, wato wani ya ce idan bai biya ba ni zan biya, alƙawari ne a wuyan mutum, ba haƙƙi a kan kaya ba, don haka dokar ta fitar da shi. Adashi ma amana ce tsakanin masu zubi. Manhajojin ba da bashi na waya, waɗanda suka yi ƙaurin suna wajen tona asirin mutane ga 'yan uwansu, yawanci ba su riƙe kowace kadara ba. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ce ta fito musu da ƙa'idoji a 2022. Haka nan ikon banki na cire abin da yake bin mutum daga kuɗin da mutumin ya ajiye a wurinsa ba ya cikin wannan doka. Tsarin GSI da CBN ya fara aiki da shi ranar 1 ga Agustan 2020, wanda ke ba banki damar bin lambar BVN ya kwashi kuɗin wanda ya ƙi biya daga asusunsa na wasu bankuna, shi ma hanyarsa daban.

Idan mai cin bashin kamfani ne mai rajista, aikin ya zama biyu. Dokar 2017 ba ta hana kamfanoni yin jingina a ƙarƙashin dokar kamfanoni ba, ita kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta ce a kai bayanin jinginar hukumar CAC cikin kwana 90, in ba haka ba ta faɗi a gaban sauran masu bin bashi ranar da kamfanin ya durƙushe. Shi ya sa lauyoyin bankuna kan yi rajista a wuraren biyu don gudun da-na-sani. Masu injinan gurzar auduga da na casar shinkafa a Gusau da suka yi rajistar kamfani, wannan sashen nasu ne.

Shanu sun shiga doka, amma wa zai karɓa?

A takarda, Bafulatanin da ke da garke ko manomin da ke da shanun huɗa ya samu abin da bai taɓa samu ba: doka ta ce dabbarsa jingina ce karɓaɓɓiya. A Zamfara kuwa, wannan alƙawari ya zo a mummunan lokaci. Satar shanu ce ta buɗe ƙofar rikicin da ya addabi jihar fiye da shekara goma. A watan Satumban 2021, gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana safarar dabbobi, hukumar sadarwa ta NCC kuma ta katse layukan waya a faɗin jihar. A waɗannan makonni, mai bin bashin da ke riƙe da jinginar shanu ba shi da kasuwar da zai sayar, ba shi kuma da intanet ɗin da zai duba rajista.

Jingina tana da daraja ne gwargwadon yadda za a iya gano ta, a same ta, a sayar. Mota tana da lamba a jiki. Sa ba shi da ita, sai kama da tambarin da aka yi masa, kuma yana iya kwana a Bungudu ya wayi gari a dajin da jami'in banki ba zai taka ba ko da rakiyar sojoji. Zinare ma haka: wanda aka riga aka haƙo kadara ce mai motsi, amma ma'adinan da ke cikin ƙasa na gwamnatin tarayya ne bisa dokar ma'adinai ta 2007, kuma haramcin haƙa da aka sanya wa Zamfara a Afrilun 2019 sai a Disamban 2024 aka ɗage shi.

Tarihin shirin Anchor Borrowers, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015, bai ƙara wa bankuna ƙwarin gwiwa ba. An raba sama da naira tiriliyan 1, manoma a ƙungiyoyi suna tsaya wa juna, amfanin gona kuma shi ne hanyar biya. A farkon 2023 asusun IMF ya ce kashi 24 cikin 100 kawai aka mayar, CBN ya musanta ya ce kashi 52 ne. Ko da an ɗauki lissafin CBN, kusan rabin kuɗin na waje a lokacin. Ga tsadar rance a kai: a Nuwamban 2024 CBN ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, abin da ke nufin ɗan kasuwa zai biya fiye da haka. Rajista tana tsara layin masu bin bashi ne kawai, ba ta rage kuɗin ruwa, ba ta kuma tsare hanyar Gusau zuwa Funtuwa.

Darasi daga ƙetaren iyaka

A arewacin Zamfara, bayan an tsallaka iyaka zuwa yankin Maraɗi, manoman Nijar sun daɗe da wata dabara da ta dace da wannan matsala. Tun ƙarshen shekarun 1990, da tallafin hukumar abinci ta FAO, ƙungiyoyin manoma ke tara hatsinsu a sito ɗaya lokacin kaka, sa'ad da farashi ke ƙasa. Ana sa wa ƙofar kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun da ya ba da rance. Manomi ya karɓi wani kaso na darajar hatsinsa ya yi sana'ar rani, idan farashi ya tashi gab da damina a buɗe sito, a biya bashi, ya ɗauki ragowar. Nijar tana bin dokar jingina ta ƙungiyar OHADA, wadda aka sabunta a Disamban 2010, da rajistarta a kotunan kasuwanci.

Abin lura a wannan tsari shi ne ya gamsar da ɓangarorin biyu. Kayan suna wurin da mai bin bashi ke da iko a kansu, kamar yadda fiƙihu ya nema, ga kuma takardar da za a iya shigarwa rajista. A Najeriya kamfanoni irin su AFEX suna gudanar da sito-sito masu ba da takardar shaidar ajiya, kuma hatsin da ke cikinsu kadara ce da dokar 2017 ta amince da ita. Sito a cikin garin Gusau ya fi garke a daji sauƙin tsarewa, buhu kuma ana iya ƙirga shi a sa masa lamba.

Dokar ta tarayya ce, rajistar kuma tana hannun CBN a Abuja, amma abubuwan da za su sa ta yi aiki a Zamfara da yawa suna hannun jiha. Gwamna Dauda Lawal, wanda ya hau mulki ranar 29 ga Mayun 2023, ya kai matsayin babban darakta a First Bank kafin ya shiga siyasa, don haka ba baƙo ba ne ga tambayar da jami'in rance ke fara yi wa duk wanda ya shigo. Saurin fitar da takardun filaye da amincewar jingina a ofishinsa suke. Horar da alƙalan kotunan shari'a da na majistare kan yadda za su yi da takardar rajistar NCR idan aka ajiye ta a gabansu, aikin ɓangaren shari'a na jiha ne. Ƙungiyoyin dillalan hatsi da na masu sayar da babura a Gusau kuwa, su ne suka fi kowa kusa da haɗarin, domin su ke ba da kaya bashi kullum da takardar hannu da shaidu biyu, alhali bankin da ke tsallaken titi yana shigar da sunan abokin cinikinsu ɗaya a kwamfuta.